Yangar 'Yan Dambe

A garinmu, can ƙasa da Haɗeja inda kogi yake bajewa ya zama fadama, ana gane ɗan dambe tun daga nesa ko da bai ɗaura zare a hannu ba. In ka yi masa magana ba zai fuskance ka sosai ba. Sai ya karkata kai, ya miƙo maka kunci ɗaya, ya dube ka ta wutsiyar ido kamar zakaran da ya hango tsaba. Duk garin mun ɗauka yanga ce. 'Yan mata suna rububin masu yin ta, ƙananan yara suna kwaikwayonta a bakin rijiya, ni kaina da nake wannan dogon surutu na sha cewa tana yi musu kyau. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ba a kuma tare ruwan kogin daga can sama ba, don haka kowace damina ruwa yakan zo ya gaishe mu har gindin danga.

Labarin ɗana na fari zan bayar. Ba zan rubuta sunansa ba, don har yau hannuna bai saba ba. Ni 'yar gidan da kakanninsu suka jingine sandar kiwo suka zauna a ƙasar Malam Madori ce. Shanu sun ƙare tun kafin a haife ni, amma kunya tana nan daram. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaunar da shi kusa da ita, ba ta tambayarsa ko ya ƙoshi. Da na yi aure na zo bakin ruwa na tarar nan ma haka ake yi, sai dai ni na zo da tawa mai kauri. Ana yaye yaron kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi. Ita yake ce wa Inna, ni kuwa Adda, kamar wata yayarsa. Da Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa ya dawo sashenmu, ya fara tasawa amma muryarsa ba ta fashe ba tukuna, muka zauna gida ɗaya kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa.

In zan ba shi abinci sai in ajiye kwano a bakin ƙofa in ce wa kaji, ga tuwo nan in akwai mai jin yunwa. In ina son a sayo mini kanwa sai in gaya wa danga cewa kanwa ta ƙare. Shi kuma ya tashi ya ɗauki kwano, ko ya nufi kasuwa. Haka muke hirarmu. Amma in faɗi gaskiya, ina son yaron nan so mai ciwo. Na san sautin tafiyarsa a cikin ta yaran unguwa duka. Na san yadda yake taɓa ƙeya in ya ji kunya. Duk abin da uwa take sani a kan ɗanta na sani, sai dai ni da satar kallo na tara nawa.

Yaro ne mai sanyi, kuma sanyin nan ne ya jawo mana. Yaran unguwar gabas suka gane ba ya ramawa, suka mai da shi gonarsu. Ya kamo 'yan karfasa a bakin mashigi su tare shi su ƙwace, ya dawo da riga a yage, hannu wayam. Ubansa, wanda nake ce wa Malam, manomin shinkafa ne, in ruwa ya ja baya kuma ya koma masunci. Mutum ne mai haƙuri da kowa, amma ba ya son a ce ɗansa rago ne. Wata rana da yamma ya ɗauki goro, ya kama hannun yaron, suka tafi wajen tsohon mahaucin da yake koya wa yara dambe a bayan mayanka. Ni ba a tambaye ni ba. Ko an tambaye ni ma me zan ce? Uwar ɗan fari ba ta da baki a kan ɗan fari.

Da suka dawo na tambayi Malam yadda suka yi da tsohon. Ya ce ya tambaye shi ko abin zai hana yaro zuwa makarantar allo, aka ce ba zai hana ba, bayan la'asar ake yi. Ya tambaya ko zai hana shi aikin gona, aka ce sai an tashi daga gona. Iyakar tambayoyinsa ke nan. Bai tambayi da wa za a riƙa haɗa yaron ba. Bai tambayi me ake yi in yaro ya faɗi ya kasa tashi ba, balle ya tambayi wace doka ake gindaya wa yara in iyaye sun juya baya. Mutumin da ba zai sayi akuya ba sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, shi ne ya miƙa ɗansa da goro ya taho gida yana murmushi.

Sana'ata bandar kifi ce, hanyar kasuwa kuma ta bayan mayanka ta bi, don haka na ga fagen da idona ba sau ɗaya ba. Rairayi ne mai laushi a ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya da ungulaye suka mayar gidansu. Ƙasa yara suna dambe, sama ungulaye sun zuba musu ido, warin jini da tumbi yana kaɗowa daga inda aka yi yanka da safe. Tsohon yakan naɗe wa yaro hannunsa mai ƙarfi da tsumma, sannan ya bi da zare ya ɗaɗɗaure tam har dunƙulen ya zama kamar kan taɓarya. Wannan hannun shi suke kira mashi, ɗayan da ake miƙawa gaba a buɗe kuma garkuwa. In an buge mutum ya kai ƙasa ba sa cewa ya faɗi, cewa suke an kashe shi. Kalmar nan ba ta taɓa zauna mini daidai ba, ka ji ƙananan yara suna tsalle suna murna wai an kashe wane.

Abin da na lura kuma, tsohon ba ya haɗa yaro da tsaransa. Ƙarami yake turawa gaban babba, wai ta haka ƙashi yake yin ƙwari. Na taɓa rage tafiya da kwando a kaina, na hango nawa a gaban wani ƙato ɗan mahauta wanda gashin baki ya fara fito masa. Na ji saukar dukan tun daga kan hanya. Ban tsaya ba. Mace ba ta tsayawa a fagen maza, balle uwa ta tsaya kallon ɗan farinta. Na wuce kasuwa, ranar nan duk wanda ya taya kifina sai da ya sha masifa bai san laifinsa ba.

Kada in zalunci tsohon, da fari abin ya yi amfani. Kafin a gama yankan shinkafa kafaɗun yaron sun buɗe, yaran gabas sun koma gaishe shi, kifinsa yana isowa gida. Makaɗin kalangu ma ya yi masa ɗan take nasa na kansa, in an kaɗa sai ka ga Malam yana gyara hula. Ni ma na ji daɗi a ɓoye, na ƙara masa man shanu a tuwo ban ce komai ba.

Sai wata yamma bayan an gama kaka ya shigo gida gab da magariba, sallamarsa ƙasa-ƙasa. Ya yi alwala yana dafe da bango. Na ajiye tuwo na yi wa kaji sanarwa, kwanon nan ya huce a inda yake. Da safe ina sharar zauren da yake kwana, na ɗaga tsumman da yake matashi da shi, na ga wani tabo, ba jini sosai ba, ba ruwa sosai ba, ja-ja mai yauƙi, daidai inda kunne yake kwanciya. Na mayar da tsumman yadda na same shi. Da na koma da hantsi an wanke shi an shanya a bayan rumbu, inda aka ɗauka ba zan gani ba.

Daga nan na fara tara abubuwa a zuciyata. In ya tashi daga zaune sai ya ɗan dakata, ya kama turken rumfa, kamar ƙasa ce take goce masa. Ya ɗebo ruwa a tulu, shi da ko ɗigo ba ya zubarwa, ya iso da rabin riga a jiƙe. Wani lokaci in yi maganata da danga ya tashi nan take, wani lokaci in yi ta maimaitawa yana zaune yana gyaran koma, ragar kamun kifin ubansa, bai ko motsa ba. Har na fara jin haushi, na ce wa kaji wasu mutane tun da suka fara dambe sun fi ƙarfin aike.

Sannan ya fara karkata kai.

Malam ne ya fara gani, ya kuwa yi dariya har da buga cinya. Ya ce in zo in ga ɗan nema ya fara yangar manya tun bai kashe kowa ba. Maƙwabta suka ɗauka, ana ta tsokanarsa, shi kuma yana murmushi yana taɓa ƙeya. Ni kaɗai ban yi dariya ba. Na gaya wa Malam zancen tsumma da jiri. Ya kira yaron a gabana ya tambaye shi ko wani abu yana damunsa. Yaron ya karkato, ya ce lafiyarsa ƙalau. Malam ya ware hannuwa ya dube ni, wato ai kin ji da kunnenki.

Na ji, amma ni nake wanke kwanon da ake dawo da shi da saura. Abin da ya kamata in yi na san shi sarai: in kamo kan yaron nan, in juya shi wajen haske, in leƙa. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi. To amma akwai gwaggon Malam a gidan, tsohuwar da take riƙe da al'ada kamar ita ta haife ta. Ta ji ina maimaita zancen, ta kira ni ɗakinta, ta ce ta ga sabon salo, wai yau uwa ce take bin ɗan fari da ido a tsakar gida. In ba ni da kunya in aro, kada in jawo wa yaro baki. Maganar bakin nan ita ta ɗaure ni. A wajenmu an yarda in uwa ta nuna ɗan farinta a fili, ita take kira masa ido da baki. Ina tsoron ciwon da na gani, ina kuma tsoron in zama sanadin wanda ban gani ba. Sai na koma ɗakina na yi ta fama da murhu.

Da abin ya ishe ni na yi abin da ban taɓa yi ba. Ranar kasuwa na sauke kwandona a bakin mayanka kamar mai sayen nama. Na tarar da tsohon a tsugune yana wasa wuƙa a kan dutse, ya ba ni gefensa na hagu. Na yi sallama. Shiru. Na ƙara da ƙarfi, har ungulun da take kusa ta yi tsalle ta matsa. Wuƙa tana ta kai da kawowa. Sai da inuwata ta faɗa kan dutsen ya ɗago, ya juyo gaba ɗayansa, ya karkata kai, ya miƙo mini kuncin dama, yangar nan da gari yake yabo tun ina amarya. Na tuno tsofaffin 'yan damben da na sani ɗaya bayan ɗaya, kusan dukansu kuncin dama suke miƙowa. Mashi in na hannun dama ne, ai a kunnen hagu yake sauka.

Na ce, "Baba, yaron gidanmu, an buge shi a kunne?"

Ya ce, "Hannunsa yana da kyau. Ki bar shi, zai yi suna."

"Ba hannunsa na tambaya ba."

Ya gwada kaifin wuƙar a babban yatsa. Ya ce, "In an buge shi, ai bai faɗa ba. Yarona ba ya kai kuka gida. Ranar da aka kawo shi na gaya masa, yadda ni ma aka gaya mini. Wanda ya kai kuka gida ba ya sake taka fagena, kalangu kuma zai gaya wa gari dalili."

Babu mugunta a fuskarsa, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ya ci gaba da cewa ɗan ruwan da yake fita a kunne ba wani abu ba ne, da kansa yake bushewa, shi ma nasa ya yi haka yana yaro, ga shi nan garau. Na ce masa garau kuwa, sai an taka inuwarsa yake sanin an zo. Ban tabbata ya ji ba. Na ɗauki kwandona na tafi.

A kwanakin nan ruwa ya gama ja da baya, ya bar manyan tafkuna a fadama cike da kifi, an kuma sa ranar su, wato kamun kifin gayya, a babban tafkin da yake yamma da gari. A su irin namu ba jirgi ake shiga ba. Ƙatuwar gora ce mutum yake kifa cikinsa a kanta, ƙafafu suna tuƙi a cikin ruwa, hannu biyu suna riƙe da koma. Ba abin da yake riƙe mutum a kan gorar nan sai daidaiton jikinsa. Ya ɗan karkace, ta mirgine ta bar shi, ga raga a nannaɗe da hannu. A shekarar ce Malam ya yi wa yaron alkawarin gora tasa ta kansa, zai shiga tsakiya tare da maza. Tana ajiye a kan rumfa, kullum sai ya sauke ta ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunnen dama ya saurara ko ta tsage.

Na gaya wa Malam duk abin da na gani a mayanka. Na ce mutumin da ƙasa take goce masa a tsakar gida, ina zai iya da ruwa? Wannan karon bai yi dariya ba. Ya sake kiran yaron, ya tambaye shi a tsanake. Yaron ya dubi rumfa inda gorar take, ya ce, "Baba, lafiyata ƙalau." Malam ya daɗe yana kallon ƙasa. Daga baya ya ce mini in ya hana shi shiga, gobe gari zai ɗauka wai ɗan dambe ya ji tsoron ruwa, yaran gabas su dawo kansa sabo. Ya ce zai tsaya kusa da shi, ba zai bari ya yi nisa ba. Gwaggo daga bakin ƙofarta ta ce a bar yaro ya zama namiji. Na so in fasa gorar nan da taɓarya, wallahi na so, har na tsaya a ƙarƙashin rumfar ina kallonta.

Ranar su muka fita da hantsi, mu mata da kwanduna da wuƙaƙen gyaran kifi, muka jeru a bakin tafki. Ruwan ya kwanta lumui, baƙi-baƙi, ba ko iska. Can ɓangaren arewa ganyen bado ya rufe wani gurbi mai zurfi, tsohuwar hanyar kogi, wanda ko manyan masunta ba sa son kusantarsa saboda saiwoyin da suke kama ƙafa. Wani zalɓe yana tsaye a bakin gurbin da ƙafa ɗaya. Maza suka jeru kowa da gorarsa a gaba. Na gano nawa a cikinsu ta ƙeyarsa, siriri a gefen ubansa.

Sarkin ruwa ya ba da izini, aka faɗa gaba ɗaya. Ihu, kiɗa, ruwa yana tashi, laka tana tasowa daga ƙasa. Kafin ka ce kwabo taron ya raba uba da ɗa, don a cikin su ba wanda yake iya tsayawa kusa da wani, kowa inda kifi ya ja shi. Ni ban ga kifi ko ɗaya ba ranar nan. Idona yana kan ƙeya ɗaya. Da fari yana tafiya daidai, har na ga ya ɗago koma ya jefa wani abu a bakin gorar. Sai wani da yake kusa da shi ya daki ruwa da ƙarfi, ruwan ya watsu masa a gefen kai. Na ga ya girgiza kai. Na ga ya runtse ido. Ƙafafunsa suka ci gaba da tuƙi, amma gorar ta daina tafiya gaba, ta fara kewayawa a hankali, tana kewayawa tana gangarawa wajen bado. Shi bai sani ba, idonsa a rufe. Gefensa na hagu ne yake fuskantar inda muke.

Na duba Malam, yana can nesa ya ba mu baya, yana kokawa da wata ƙatuwar tarwaɗa. Na ce wa matan da suke kusa da ni, yaron can, yaron can. Suka ce wane yaro? Tafki cike yake da yaran mutane.

Sai na buɗe baki na kira sunansa. Sunan da na yi shekara da shekaru ina haɗiyewa, wanda ko wani mai irinsa na haɗu da shi a kasuwa sai in ce masa mai sunan yaro, shi na ƙwala da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Matan bakin tafki suka yi tsit. Gwaggo ta kama baki. Na sake kira, na shiga ruwa har gwiwa na sake kira. Bai waiwayo ba. Gorar ta taɓa ganyen bado, ta mirgine, ta taso ita kaɗai tana juyi, bakinta yana shan ruwa.

Malam ne ya ji. Daga baya ya ce mini duk ihun da ake yi bai shiga kunnensa ba, amma da ya ji sunan nan a muryata sai da tsikar jikinsa ta tashi, don ya san ba lafiya ba. Ya saki koma da kifin, ya bi inda hannuna yake nunawa. Shi da wani maƙwabcinmu suka nutsa. Ban san tsawon lokacin da suka yi ba, kuma ba na son in sani. Suka fito da shi raga ta nannaɗe masa hannun dama, saiwar bado a ƙafa, leɓunansa sun canja launi. Aka kifa shi a kan gorar wani aka danna, ya amayar da ruwa da laka, ya yi tari. A gaban gari duka na zauna a cikin taɓo na rungume kansa. Daga kunnen hagu wani wari yake fitowa wanda ni mai sana'ar kifi na san irinsa.

Washegari muka hau mota zuwa asibiti a Haɗeja. Malamin asibitin ya leƙa kunnen da 'yar fitila, ya tambayi tun yaushe. Muka kasa haɗa ido ni da Malam. Ya ce dodon kunnen ya fashe tuntuni, ruwa ya yi ta shiga, mugunya ta taru ta ci ciki. Da an zo da wuri da wataƙila an ceci wani abu. Yanzu za su yi allura su kashe ruɓar don kada ta wuce inda take, amma jin wannan gefen ya tafi. Jirin zai iya raguwa, sai dai kada a sake barinsa ya shiga ruwa mai zurfi. Malam ya fito ya zauna a ƙasa a gindin wata darbejiya, ya cire hula ya riƙe. Yaro ɗan masunci, a garin da ruwa yake zuwa har gindin danga, an ce masa shi da ruwa sai kallo.

Fagen bayan mayanka bai tashi ba. Iyaye suka ci gaba da zuwa da goro, ungulaye suna nan a kan tsamiyarsu. Ni kuwa na zama abin kwatance, matar da ta kira sunan ɗan farinta a bainar jama'a. Tun da kunyar ta riga ta zube sai na daina tattala ta. Duk matar da ta tsaya sayen kifi na ji an ce za a kai ɗanta dambe, sai in riƙe kwanonta in gaya mata: ki sa a tambayi da wa za a haɗa shi, ki sa a tambayi abin da aka hana shi faɗa a gida, in ya dawo ki duba matashinsa, in kuma kika ga ya fara karkata kai kada ki yi dariya. Wasu sun ji. Wasu sun ce masifata ce ta motsa.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne wata la'asar, ba a daɗe da dawowarmu daga asibiti ba. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗiga masa maganin da aka ba mu, na toshe da auduga. Gwaggo tana bakin ƙofarta tana kaɗi, tana kallonmu. Da ya tashi zaune na dube shi ido cikin ido, na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba.

Ya ce, "Baba na mayanka ya hana." Ya ja zaren tabarma. "Kuma ke ba ki tambaye ni ba, Adda. Kaji kike tambaya."

Ba da zargi ya faɗa ba, yadda abin yake ya faɗa.

Can ya ce, "An ce kin kira ni a bakin tafki."

Na ce na kira.

"Da sunana?"

"Da sunanka."

Ya taɓa ƙeya. Ya ce, "Kowa ya ji, har yaran gabas. Ni kaɗai ban ji ba."

Sai ya matso, ya karkata kai, ya miƙo mini kuncin dama, ya jira. Gwaggo ta yi gyaran murya, mazarinta ya tsaya. Na sunkuya daidai kunnen da ya rage masa na faɗa.

Ya amsa, "Na'am, Adda," da ƙarfi fiye da kima, don bai gama sanin iyakar muryarsa ba tukuna.